Magana Da Tushenta

Darasi domin taron addu'a da nazari. Karatu: Joshua 22:1-34, Ayyukan Manzanni 11:1-18.

Idan aka bi sawun tashin hankalin da ya kan raba ekklesiya, ko ya ɓata tsakanin miji da mata, ko tsakanin uba da ɗa, ba kullum a kan iske ƙarya a gindinsa ba. Sau da yawa gaskiya a kan iske, amma guntuwa. Wani ya faɗi kan magana ya bar tushenta, mai ji kuwa ya cika sauran da zatonsa. Haka zuciyar ɗan Adam ta ke: idan ba a ba ta dalili ba, sai ta ƙera nata, wanda ta ƙera kuwa ya kan fi na gaskiya muni.

Ko harshenmu ma yana koya mana wannan. A rubutun boko ba mu sa alamar hawa da saukar murya ko ta tsawon wasali, saboda haka kalma ɗaya a takarda ta kan ɗauki ma'ana biyu ko uku. Idan aka rubuta "gari" shi kaɗai, wa zai sani ko na tuwo a ke nufi ko na sarki? "Kuka" fa, na mai hawaye ne ko itacen miya? Haka "wuya," haka "fari." Mai karatu ba ya ruɗewa, domin kalmomin da ke gaba da baya su ke nuna masa hanya. To, yadda kalma ta ke bukatar 'yan'uwanta, haka dukan zance ya ke bukatar abin da ya kewaye shi, watau wanda ya yi, da lokacin, da dalilin, da abin da a ke nema. Wannan shi mu ke kira tushen magana. Bari mu duba yadda Maganar Allah ta ke koya mana a kansa.

1. Bagadin da ya kusa jawo yaƙi

Tun Musa yana da rai, kabilar Ra'ubainu da ta Gad da rabin kabilar Manassa suka karɓi gadonsu a gabashin Urdun, gama suna da dabbobi da yawa, ƙasar kuwa ta kiwo ce. Musa ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: mazajensu za su haye tare da 'yan'uwansu, su yi yaƙi har a ci ƙasar Kan'ana (Littafin Lissafi 32). Suka cika alkawari. Wajen mutum 40,000 suka haye da shirin yaƙi (Joshua 4:13). Da aka gama, Joshua ya kira su a Shiloh, ya yaba musu, ya sa musu albarka, ya sallame su da dukiya mai yawa.

Da suka kai bakin Urdun, sai suka gina bagadi babba, wanda a ke hange daga nesa. Ba mu karanta sun aika wa Joshua ko Ele'azara firist da kalma ɗaya a kan abin da su ke yi ba. Labari ya kai yamma da ɗan gajeren baki: mutanen gabas sun gina bagadi. Labarin gaskiya ne, ba wanda ya ƙara masa kome. Amma Shari'a ta riga ta umarta a miƙa hadaya a wuri ɗaya kaɗai, wurin da Ubangiji ya zaɓa (Kubawar Shari'a 12), mazaunin Ubangiji kuwa yana Shiloh. Saboda haka da jin kalmar bagadi, kowa ya ce tawaye ne. Dukan jama'a suka taru a Shiloh domin su tafi su yaƙi mutanen da suka yi shekaru suna kwana tare da su a sansani ɗaya.

Kada mu ɗauki wannan da sauƙi. Littafin Alƙalawa sura 20 ya nuna mana abin da yaƙi tsakanin kabilun Isra'ila ya ke haifarwa: a can mayaƙan Banyamin suka ƙare sai mutum 600 da suka tsere zuwa dutse. Irin wannan ne ya ke bakin ƙofa a Joshua 22.

Abin da ya cece su shi ne, kafin a zare takobi aka aiki Finehas ɗan Ele'azara tare da shugabanni 10, ɗaya daga kowace kabila ta yamma. Finehas ya yi magana da zafi, amma ku lura, ya faɗi tushen zafinsa. Ya tuna musu da zunubin Feyor, inda annoba ta kashe mutum 24,000 (Littafin Lissafi 25:9). Ya tuna musu da Akan, wanda shi kaɗai ya yi laifi amma fushi ya auko wa dukan jama'a. Ya kuma ce idan suna ganin ƙasarsu ba ta da tsarki, su hayo su zauna a tsakiyar 'yan'uwansu, a raba gado tare da su. Da wannan mutanen gabas suka gane tsoron Allah ne ya kawo 'yan'uwansu, ba neman faɗa ba.

Su ma sai suka buɗe nasu cikin. Suka kira Allah shaida, suka ce ba su gina bagadin domin hadaya ko baiko ba. Tsoro ne ya sa su. Sun duba kogin Urdun, suka ga wata rana 'ya'yan mutanen yamma za su ce wa nasu 'ya'ya kogi ya raba su, ba su da rabo cikin Ubangiji, da haka a hana zuriyarsu sujada. Sai suka gina kwatancin bagadin Ubangiji, ya zama shaida ga tsararraki masu zuwa cewa Allahnsu ɗaya ne. Finehas ya ji, ya yi murna, ya koma da labari, jama'a suka yabi Allah, ba a ƙara zancen yaƙi ba.

Ku duba abin mamaki a nan. Bagadin da aka gina domin riƙe zumunci shi ne ya kusa yanke zumunci. Nufin mutanen gabas mai kyau ne sarai, kishin mutanen yamma kuma mai kyau ne. Abin da ya ɓace tsakaninsu bayani ne wanda manzo ɗaya zai iya kaiwa Shiloh kafin a aza dutse na fari. Kyakkyawan nufi da ke ɓoye cikin zuciyarka ba ya kāre ka, gama Allah ne kaɗai ke duban zuciya. Ɗan'uwanka aikinka ya ke gani.

2. Yadda Bitrus ya amsa zargi

Sa'an da Bitrus ya komo Urushalima daga Kaisariya, labari ya riga shi isowa. Masu bi daga cikin Yahudawa suka tare shi da zargi, cewa ya shiga gidan marasa kaciya har ya ci abinci tare da su. Wannan ma gaskiya ne, ya shiga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma, har ya kwana a can.

Bitrus yana da abin da zai iya fakewa da shi. Shi ne ya yi wa'azi ran Fentikos aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma. Da ya so, sai ya ce shi manzo ne, ba mai tuhumarsa. Bai yi haka ba. Luka ya ce ya soma daga farko, ya bayyana musu bi da bi. Ya faɗi inda ya ke, watau Yafa, da abin da ya ke yi, watau addu'a. Ya faɗi wahayin mayafin da ya sauko cike da dabbobi, da yadda aka maimaita har sau 3. Bai ɓoye ba cewa shi kansa ya ƙi da fari, gama bai taɓa cin abu marar tsarki ba. Ya faɗi zuwan mutum 3 daga Kaisariya, da umarnin Ruhu cewa ya tafi tare da su. Ya nuna 'yan'uwa 6 da suka raka shi, waɗanda kowa zai iya tambayarsu. Ya ba da labarin mala'ikan da ya bayyana ga Karniliyus. Daga ƙarshe ya ce yana fara magana ke nan Ruhu Mai-tsarki ya sauko wa mutanen gidan kamar yadda ya sauko wa manzanni da fari, shi kuwa ya ga ba shi da ikon hana Allah.

Akwai hikima cikin wannan jeri. Da ya faɗi ƙin da ya yi da fari, masu zarginsa suka ga shi ma daga inda su ke tsaye ya taso. Ya bi da su ta hanyar da Allah ya bi da shi, taki ɗaya ɗaya, har suka iso inda ya iso. Da suka ji, suka yi shiru, suka ɗaukaka Allah domin ya ba Al'ummai tuba zuwa rai. Mu da mu ke karanta wannan da Hausa, daga cikin Al'ummai mu ke. Ƙofar da muka shiga, haƙurin Bitrus na yin bayani yana cikin abin da ya hana a rufe ta ran nan.

Fastoci da dattawa, wannan namu ne musamman. Idan majalisar dattawa ta yanke shawara, ta sauya lokacin sujada, ko ta ɗage wani aiki, ko ta ba wani mai bishara canjin wuri, kada a sanar da hukuncin kaɗai a ce jama'a su yi biyayya. Ku kun zauna kun tattauna har rana ta faɗi kafin ku yarda. Yaya za ku so jama'a su yarda cikin minti ɗaya, ba su ji ko ɗaya daga cikin dalilan da suka rinjaye ku ba?

3. Ɓarnar guntun labari

Ayyukan Manzanni 21 ya nuna abin da ke faruwa inda ba Finehas. Waɗansu Yahudawa daga Asiya suka ga Bulus cikin birni tare da Tarofimas, mutumin Afisa, wanda ba Bayahude ba ne. Bayan haka suka ga Bulus cikin haikali. Sai suka haɗa biyun, suka zaci ya shigar da Tarofimas ciki. Wannan ba ƙaramin zargi ba ne. A jikin shingen da ya raba filin Al'ummai da na ciki akwai duwatsu masu rubutu, suna gargaɗin cewa baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana kansa. An sami ɗaya daga cikin duwatsun nan a Urushalima a shekara ta 1871, da rubutun Helenanci, aka kai shi gidan ajiyar kayan tarihi a Istanbul. Ba wanda ya tambayi Bulus. Birni ya ruɗe, aka jawo shi waje ana duka, har sojan Roma suka ƙwace shi. Shugaban sojan ma da nasa zato, yana tsammani Bulus shi ne Bamasaren nan da ya fita jeji da 'yan tawaye 4,000. Daga ran nan Bulus ya shiga ɗauri, shekara 2 a Kaisariya, shekara 2 kuma a Roma. Allah ya juya abin ya zama alheri ga bishara, amma wannan bai wanke masu zato ba.

Wani lokaci kalma ɗaya ce ke faɗuwa a hanya. A Yohanna 21, Bitrus ya tambayi Yesu abin da zai sami almajirin nan da Yesu ya ke ƙauna. Yesu ya amsa da sharaɗi, cewa ko da nufinsa ne almajirin ya zauna har ya komo, wannan ba ruwan Bitrus, shi dai ya bi shi. Da maganar ta zaga cikin 'yan'uwa, sharaɗin ya ɓace, aka dinga cewa almajirin ba zai mutu ba. Har sai da marubucin bisharar ya gyara da kansa. Idan maganar Ubangiji ta iya karkacewa haka a bakin masu bi na fari, balle tamu. Hausawa suna cewa magana zarar bunu ce. Tun da ba ta komawa in ta fita, sai a fitar da ita cikakkiya.

4. Abin da ya kamata mai magana ya faɗa

Babu misalin manzo da ya fi bawan Ibrahim a Farawa 24. Ya yi doguwar tafiya da raƙuma 10, aka sa masa abinci, ya ce ba zai ci ba sai ya faɗi saƙonsa. Bai fara da cewa a ba shi Rifkatu ba. Ya faɗi ko shi wane ne, da wanda ya aiko shi. Ya faɗi albarkar da Allah ya yi wa ubangidansa, da haihuwar Ishaku, da rantsuwar da aka sa shi. Ya faɗi addu'arsa a bakin rijiya da yadda aka amsa ta. Sa'an nan ya faɗi abin da ya ke nema, ya roƙi a gaya masa i ko a'a domin ya san inda zai nufa. Laban da Betuwel ba su yi gardama ba, gama ya amsa tambayoyinsu tun ba su yi ba.

Daga nan muna iya ɗaukar abu huɗu. Kafin ka yi magana mai nauyi, ka tabbata mai jinka ya san wanda abin ya shafa, ya san abin da ya faru kafin yanzu, ya san dalilinka, ya kuma san abin da ka ke so ya yi. Kai ka kwana da maganar, ka tashi da ita, har ka ga kamar kowa ya sani. Shi kuwa yanzu ya ke jinta, hankalinsa yana kan gonarsa ko cinikinsa.

A ce magatakardan ekklesiya ya tashi bayan sujada ya ce, "Kuɗin ginin ɗakin sujada ba su cika ba." Ya zauna. Idon kowa zai koma kan ma'aji, kafin la'asar kuwa sunan bawan Allah ya ɓaci cikin gari. Ga abin da ya kamata ya ce: "'Yan'uwa, kuɗin da kuka bayar suna nan cif, dattawa biyu sun ƙidaya tare da ma'aji. Amma tun da muka yi lissafi da rani, kwano da siminti sun yi tsada, saboda haka abin da ke hannu ba zai kai rufi ba. Muna roƙo a ƙara baiko bayan girbi." Bai fi numfashi uku ba, ya tsare sunan mutum, ya kuma buɗe hannun jama'a.

A ce maigida ya ce wa matarsa, "Kada ki je kasuwa yau," ya sa kai ya fita. Za ta wuni tana tunani ko wani ya kai ƙararta, ko yana zarginta da wani abu. Alhali ya ji ne rafi ya cika ya rufe hanya. Me zai rage masa in ya ce, "Uwargida, ruwan jiya ya cika rafi, ba na so ki haye da goyo, ki bari sai jibi"? Ita ma in ta ce, "Maigida, hatsi ya kusa ƙarewa," ta ƙara da cewa baƙin taron da suka sauka a gidan ne suka sa, domin kada ya zaci ɓarna a ke yi. Shugabancin miji a gida bai hana shi faɗin dalili ba. Ubangijinmu da kansa ya kira almajiransa abokai domin ya sanar da su abin da ya ji daga wurin Uba (Yohanna 15:15).

Saƙon waya ya fi kowanne haɗari, domin ba fuska, ba murya. Yaro yana birni ya aika wa mahaifinsa, "Baba, ku zo gobe da sassafe." Tsoho ba zai runtsa ba. Zai bar shuka, ya ranci kuɗin mota, ya iso yana rawar jiki, ya tarar takarda ce kawai a ke so ya sa wa hannu. Iyayenmu sun san wannan tun dā, shi ya sa in baƙo ya yi sallama ba zato a kan tambaye shi, "Lafiya?" shi kuwa ya amsa, "Lafiya lau," kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Haka dattawan Baitalahmi suka tambayi Sama'ila (1 Sama'ila 16:4). Ka fara saƙonka da kwantar da hankali, ka faɗi dalili, ka faɗi ko abin na gaggawa ne ko zai iya jira.

5. Cikin shaida da karatun Littafi

Manzanni ba su yi wa kowa wa'azi iri ɗaya ba. A majami'ar Antakiya ta Bisidiya, Bulus ya fara da fitowar Isra'ila daga Masar da sarautar Dawuda, gama masu jinsa sun san waɗannan (Ayyukan Manzanni 13). A Atina kuwa, inda ba su san Musa ba, ya fara da bagadin da ya gani cikin birninsu da Allah Mahalicci (sura 17). Filibus ma ya fara daga nassin Ishaya da mutumin Habasha ya ke karantawa. Kowannensu ya nemi inda mai ji ya ke tsaye, ya ɗauko shi daga can.

Muna da kalmomin da muka saba da su tun muna yara, har mun manta baƙi ne ga waɗansu. Idan ka ce wa maƙwabcinka Musulmi Yesu Ɗan Allah ne, ka tsaya nan, abin da zai ji shi ne Allah ya yi aure ya haihu kamar mutum. Zai ƙi, mu ma kuwa mun ƙi wannan, gama ba haka Littafi Mai-tsarki ya koyar ba. Sai ka bayyana masa da ladabi cewa ba haihuwar jiki a ke nufi ba, ka nuna masa Yohanna 1 a kan Kalman da ke tare da Allah tun fil'azal, da Luka 1 a kan saƙon mala'ika ga Maryamu. Ko bai karɓa ba, ya ji abin da mu ke gaskatawa da gaske, zaman maƙwabtaka kuma ya tsira.

Haka kuma wajen karatu. Annabawa da manzanni ba su rubuta da lambar sura da aya ba. Surorin da mu ke amfani da su, Stephen Langton ne ya tsara su, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1228. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa, wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa su a bugunsa na 1551. Da aka buga cikakken Littafi Mai-tsarki da Hausa a 1932, da waɗannan lambobi ya zo mana. Suna da amfani ƙwarai wajen neman wuri, amma su kan sa mu tsinke aya ɗaya kamar ba ta da gaba da baya. Shaiɗan ya yi wannan sa'an da ya ɗauko Zabura 91 domin ya sa Yesu ya faɗo daga kan haikali (Matta 4). Mu ma mu kan ɗauki Filibiyawa 4:13 kamar alkawari ne cewa kowace sana'a za ta yi riba. Karanta aya 11 da 12, za ka ga ɗaurarre ne ya ke magana a kan ƙarfin da Kristi ya ba shi ya jimre da yunwa da ƙoshi, da rashi da samu. Kada ka yi wa'azi a kan aya sai ka karanta surar duka, ka san wanda ya rubuta, da waɗanda aka rubuta wa, da abin da ya sa.

6. Iyakar bayani, da aikin mai ji

Wani zai ce, ashe Misalai 10:19 bai gargaɗe mu a kan yawan magana ba? Ya gargaɗe mu. Faɗin tushen magana dabam ne da surutu. Bayanin Bitrus duka aya 13 ne, ana karanta shi cikin minti biyu. Ma'auni shi ne bukatar mai ji: abin da zai taimake shi ya gane, faɗa masa, abin da zai nuna gwanintarka kawai, bar shi. Kada kuma a fake da bayani a tona asirin wani. Idan dattawa sun yi wa ɗan'uwa horo, jama'a suna bukatar su sani an bi ƙa'idar Matta 18:15-17, an ji bakinsa, ana kuma neman komowarsa. Ba su bukatar a zayyana musu dukan abin kunyar. In akwai abin da ba za ka iya faɗa ba, ka gaya wa mutum a fili cewa akwai dalilin da amana ta hana ka faɗa. Wannan ya fi a bar shi cikin duhu.

Mai ji kuma yana da nasa kaya. Misalai 18:13 ya kira amsa kafin ji wauta da abin kunya, aya 17 kuma ta nuna mai fara kawo ƙara ya kan yi kamar shi ke da gaskiya, sai an ji ɗayan. Eli firist ya ga leɓunan Hannatu suna motsi ba murya, ya ce ta bugu, alhali zuciyarta ta ke zubawa a gaban Ubangiji (1 Sama'ila 1). Shari'a ma ta umarta, in an ji labarin wani gari ya bi gumaka, a bincika a tambaya sosai kafin a ɗauki mataki (Kubawar Shari'a 13:12-14). Idan aka kawo maka magana a kan ɗan'uwa, ka tambayi mai kawowa ko shi ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa kafin wannan, da ko an tambayi mai abin. Matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan ka tashi ka tafi wurin ɗan'uwan da kanka, kamar yadda Finehas ya haye Urdun.

'Yan'uwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, guntuwar magana kuwa tsaga ce. Allahnmu bai bar mu da zato ba. Ya yi magana ta bakin annabawa zamani bayan zamani yana shirya mu, har ya aiko Ɗansa ya bayyana mana Uba. Bari 'ya'yansa su yi koyi da shi. Cikin makon nan, kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya bari da rabin magana, ya je ya cika masa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne mutanen gabashin Urdun suka bari ba su yi ba kafin su gina bagadi?
2. Waɗanne dalilai ne Finehas ya bayar domin tsoron jama'a?
3. Don me Bitrus ya ambaci 'yan'uwa 6 da suka raka shi?
4. Wace kalma ce ta ɓace daga maganar Yesu a Yohanna 21, me kuma ɓacewarta ta haifar?
5. Yaya dattawa za su yi bayanin hukunci ba tare da sun tona asirin ɗan'uwa ba?

Aya ta haddacewa: Yaƙub 1:19.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare bakinmu daga guntuwar magana, ka tsare kunnenmu daga saurin zato, ka ba mu haƙurin bayyana wa juna abin da ke zuciyarmu, domin ekklesiyarka ta zauna ɗaya. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.